Tsibirin da Ba a Hawa da Ƙarfe

Ni ban taɓa ganin teku ba sai da na haura shekara talatin, shi ma ta tagar jirgin sama na hango shi, ranar da aka kawo ni Saudiyya aikin tuƙi. Amma tun ina yawo ba wando na san ba a yarda da mai jirgin ruwa. Kakata ce ta koya mini, Iya Dije, mahaifiyar babanmu, a wani ƙauye bayan Gumel inda ruwan da ya fi kowane girma shi ne kududdufin da shanu ke sha, shi ma kafin bazara ya zama laka.

Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, saboda haka kada wanda ya karanta wannan ya nemi gwaninta. Abin da na gani zan faɗa. Yanzu haka ina zaune a ɗan ɗakin direba da ke jikin ƙofar gidan da nake aiki a Riyad, ɗakin da idan na miƙe ƙafa sai ta taɓa bango, kuma ba komai ya sa na tuno da tsohuwar ba sai abin da ya shiga tsakanina da ɗan yayata.

Lokacin sanyi ake samun Iya Dije. Idan an gama tuwo an kwashe, ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo tabarmarta kusa, ta tura 'yar gyaɗa cikin toka, mu kuma mu kewaye ta, ni da Yaya Hajara da yaran maƙwabta, kowa ya ƙudundune cikin zanen uwarsa. Hayaƙin kara yana sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Har yau idan na ji ƙamshin gyaɗar da ta fara ƙonewa, sai in ji kamar an dafa mini kai. A duk rayuwata ban sake samun wurin da na zauna hankalina kwance kamar gefen murhun nan ba, kuma ban sa rai ba.

Da ta hango ni za ta fara.

"Ga angona nan. Yau ka zo da cefane, ko da bakinka kawai ka zo kamar kullum?"

"Ni ai tun jiya na sake ki, tsohuwa."

"To tashi daga gaban wutata. Wanda ya yi saki ba ya cin gyaɗa."

Sai in ce na mayar da ita, a yi dariya, ta miƙo mini ta farko.

Ita da ƙafa ta je Makka tana ƙuruciya, irin tafiyar mutanen da, wadda ake yin shekaru a hanya. A tsaya a Chadi a yi noma, a tsaya a Sudan a tsinci auduga, a haihu, a binne wasu, har a kai bakin Bahar Maliya. Ba ta cika son maganar ba. Abin da kowa ya sani game da ita shi ne munduwar azurfa da ke hannunta na hagu, mai kauri, ta yi baƙi don tsufa. Tun tana yarinya maƙeri ya rufe ta a hannun, hannu ya girma, munduwa ta ƙi fita. Idan tana tuƙa tuwo za ka ji tana bugun bakin tukunya.

Tatsuniyoyinta da yawa irin na kowa ne, na dabbobi da 'yan mata masu taurin kai. Guda ɗaya ce daban, kuma ba ta yin ta sai ta ga dama. Ranar da za ta yi ta, sai ta daɗe tana kallon garwashi, sannan ta ce:

"Ga ta nan, amma jiƙe take, daga ruwa ta fito."

Mu kuma mu ce, "Ta zo mu shanya ta."

Ta ce akwai wani ruwa a gabas wanda ba a ganin ƙarshensa, kuma ko ƙishirwa za ta kashe ka ba ya shayuwa. Mun yi ta musu a kan wannan, don mu ba mu ga amfanin ruwan da ba a sha ba. Ta ce a kan ruwan nan akwai 'yan fashi, ba masu doki ba, masu jirgin katako mai zane wanda iska ke turawa. Aikinsu tare jiragen alhazai. Su ƙwace azurfa da zinariya, su cire wa mata 'yan kunne, wanda ya yi gardama su jefa shi ga kifi. Dukiya ta yi musu yawa har jirginsu ya fara nutsewa da ita. Ba su isa su kai ta gari ba, don kowane gari ana nemansu. Sai suka sami wani tsibiri can tsakiyar ruwa, ba itace, ba rijiya, ba kowa sai farin yashi da kashin tsuntsaye, suka zuba dukiyar a tuluna suka binne. A hanyarsu ta dawowa guguwa ta kife da su, ba wanda ya fita.

"Allah ya ƙara!" in ji Yaya Hajara kullum a daidai nan.

"Ke dai bari," in ji Iya Dije. "Mugu yana mutuwa, amma labarinsa ba ya mutuwa, kuma labarin ya fi shi cin mutane."

Ta ce a Sawakin, garin da mutanenmu ke taruwa su jira jirgin tsallakawa, akwai zangon Hausawa. Wasu sun shekara a nan, maza suna ga-ruwa, mata suna suyar waina, ana tara abin biyan jirgi. Kowa da ɗan guzurinsa ɗinke a lalita, ɗaure a ƙugu, ko wanka ba a cirewa. To cikin mutanen da suka gaji haka, sai ga wani mai jirgi ya ɓullo. Kyakkyawa ne, mai fara'a, yana jin Hausa amma da wata irin karya harshe. Yana zuwa ya sayi waina, ya biya ba ciniki, ya gaida manya har ƙasa. Sai da aka saba da shi sarai, sannan wata rana ya ja wasu mazaje gefe ya ce musu ubansa ne yake dafa wa 'yan fashin nan abinci, ranar guguwa ciwo ya hana shi bin su, kuma kafin ya mutu ya nuna masa tsibirin.

Suka ce, to me ya hana ka zuwa ka kwaso?

Ya ce aljanun da ke gadin tulunan sun san warin jinin gidansu, idan ya taka yashin nan ba zai dawo ba. Baƙin hannu ake so. Shi zai kai su, kuma ba ya son ko anini na jirgi. Idan an samu a ba shi rabonsa, idan ba a samu ba Allah ya ba da lada.

A nan tsohuwar takan tsaya ta juya gyaɗa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji fa. Bai nemi ko anini ba. Angona, idan mai kilishi ya ce ka ci kyauta, me za ka yi?"

"In ci."

"Shi ya sa ba zan bar maka gadon akuyata ba."

Mazajen suka yarda, kuma ba su gaya wa kowa a zangon ba, don kada masu rabo su yi yawa. Ɗaya daga cikinsu yana da amarya, yarinya ɗanya, ya ce ba zai bar ta cikin baƙi ba, sai aka tafi da ita. Suka yi ta tafiya a kan ruwa, suna amai, suna salati, har suka hango wani abu fari kamar an shanya zane. Mai jirgi ya matsa kusa, inda ruwa zai kai wa mutum ƙirji, ya tsaya. Ya ce saura abu ɗaya. Aljanun nan ba sa shiri da ƙarfe. Duk wanda ya hau tsibirin da wani ƙarfe a jikinsa, ko azurfa ko zobe ko wuƙa, tulunan za su nutse cikin ƙasa, ba za a ƙara ganinsu ba. Da sanda da sakaina za a yi haƙan. Ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar jirgi ya ce kowa ya ajiye nasa, yana nan yana gadi.

Suka kwance lalitocin da ko matansu ba su taɓa ganin cikinsu ba, suka zube. Abin da aka yi shekaru ana tarawa daga ƙasar Hausa har bakin ruwa, duk ya hau tabarma ɗaya. Suka dira ruwa suna rige-rige. Da aka zo kan amarya, sai ga munduwa a hannunta wadda ba ta fita. Aka ja, aka murɗa, aka shafa mai, har fata ta saluɓe. Mijin ya ga abokansa sun kai yashi sun fara haƙa, ya ce mata ta zauna a jirgi, yanzu zai dawo ya saya mata irinta goma. Ya dira.

Tana zaune tana kallon bayansa, sai ta ji igiya tana kuka. Ta waiga. Mai jirgi yana ɗaga zane.

Iya Dije ta ce mazajen ba su ma lura da wuri ba, kowa kansa na cikin raminsa. Mijinta ne ya fara ɗagowa. Ya shigo ruwa da gudu yana kiran sunanta, har ruwa ya kai masa wuya, ya tsaya, don bai iya iyo ba. Tana jin muryarsa tana raguwa har iska ta cinye ta.

"Me ta yi?" muka tambaya.

"Me za ta yi? Ruwa gaba, ruwa baya."

"To su sun sami zinariyar?" Wannan tambayar Yaya Hajara ce, ba ta taɓa fasa ta ba.

"Zinariya tana nan inda aka binne ta. Su ma suna can." Sai ta karkaɗe zanenta. "Ta ƙare. Mai jin sanyi ya matso, mai jin barci ya nemi uwarsa."

Na sha jin tatsuniyar nan kafin wani abu ya faɗo mini. Wata rana da ta gama, na ce, "Iya, idan duk an bar su a tsibiri, kuma ba su gaya wa kowa za su tafi ba, ke wa ya ba ki labari?"

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kira ni ango ba. Ta dube ni da kyau, ta ce, "Haruna, ka fara hankali. Allah ya sa kada ya yi maka yawa." Sannan ta ja gefen mayafinta ta rufe hannunta na hagu.

Daga ranar na fara haɗa abubuwa, kuma har yau ban daina ba. Kakanmu, mijinta, ban tarar da shi ba, amma an ce tare suka dawo daga gabas, ba wanda ya san danginsa, kuma har ya mutu Hausarsa ba ta miƙe ba. An ce ya iya wani irin ƙullin igiya da ba wanda ya iya a ƙauyen, ana kiransa idan za a ɗaure raƙumi mai gardama. An ce da zuwansa ya sayi gona babba, ba a san da me ba. Ban ce komai ba fa. Tatsuniya tatsuniya ce, kuma mata masu munduwa ba su ƙirguwa. Amma idan na kalli madubin mota na ga hancin nan nawa da bai yi kama da na kowa a ƙauyenmu ba, nakan yi tsaki in kawar da kai. Na taɓa tambayar babanmu, ya zabga mini mari, kuma marin bai zama amsa ba.

Ranar da ta rasu, masu wanka sun yi da sabulu, sun yi da yauƙin kuɓewa, munduwa ta ƙi. Liman ya ce a bar mata abarta. Da ita aka binne ta.

To, ga abin da ya kawo wannan dogon zance. Yaya Hajara tana da ɗa, Sa'adu, wanda aka haifa bayan rasuwar Iya Dije, bai taɓa zama gefen murhun nan ba. Ni na yi faɗi-tashi har aka samo masa biza, wani kamfanin gine-gine ya ɗauke shi, lokacin da ake ta farfasa titunan Riyad za a sa jirgin ƙasa. Ranar da zai taso uwarsa ta kira ni ta ce, "Haruna, ga amana nan. Yadda ya tafi da ƙafarsa, haka nake so ya dawo, ba a ɗaure ba." Yana zaune da wasu samari 'yan gida a wani tsohon gini a unguwar Al-Oud, ni kuma ranar Juma'a kaɗai nake samun fita, sai mu haɗu a unguwar Batha mu ci tuwo a wani ɗaki na sama inda 'yan Najeriya ke taruwa.

Wanda bai zauna a nan ba, bari in gaya masa mene ne igama. Katin zama ne, ɗan ƙarami, da hotonka da sunan kafilinka, wato wanda ya ɗauko ka kake ƙarƙashinsa. Idan ba ka da shi a aljihu, kai ba kowa ba ne. Ba asibiti, ba layin waya, ba aika wa gida, kuma duk ɗan sandan da ya tsayar da kai, sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Kuma abin haushin, mun saba miƙa shi. Tun daga filin jirgi ake ce maka kawo fasfo, ka miƙa, kafili ya sa a aljihu. Maigadi ya ce kawo igama, ka miƙa. Mai shago ya ce kawo, ka miƙa. Duk wanda ya sa farar riga ya ɗaga murya, hannunmu ya riga kanmu zuwa aljihu.

Wata Juma'a na tarar da Sa'adu da 'yan ɗakinsu sun kewaye wani mutum. Ɗan Jidda suke ce masa, wai a can aka haife shi, iyayensa 'yan gida ne. Riga fara tas, turare kamar an fasa kwalba, Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci. Shi ya biya wa kowa tuwo. Da na zauna ya miƙe ya gaishe ni da hannu biyu, yana "Ya ammi, ya ammi," wato baffa da Larabci, kamar ni na yi masa suna. Tun daga nan na ji ba na son sa.

Bayan ya tafi Sa'adu ya ja ni bakin matakala, idonsa yana ƙyalli. Wai akwai wani tsibiri can bayan garin Jizan, a cikin Bahar Maliya, inda 'yan fashin teku na zamanin da suka binne abin da suka ƙwace wa alhazai. Wai wani tsohon masunci ya san wurin. Ya nuna mini hoto a waya, wasu kuɗaɗen zinariya cikin yashi, hoton da ko ni da ban yi karatu ba na san ana samun irinsa a ko'ina. Wai ana neman masu ƙarfi waɗanda suka iya haƙa, kuma masu riƙe sirri. Za a tafi lokacin hutun Sallah, a dawo kafin kamfani ya buɗe.

Na ce, "Nawa ya ce ku kawo?"

"Ka ji ka, Kawu. Ko riyal bai nema ba. Mota tasa, abinci nasa, jirgi nasa."

Wallahi sai na ji ƙamshin gyaɗa a hancina, a tsakiyar Batha.

Na ce, "Shi me ya hana shi haƙawa?"

"An san fuskarsa a wajen. Baƙi ake so."

"To me za ku bari a bakin ruwa?"

Ya dube ni da mamaki. "Wa ya gaya maka? Ba wani abu ba ne, igama ce kawai da waya. Idan masu gadin teku suka tsayar da jirgi suka ga katin Riyad, za su kira kamfani. Idan ba kati, sai ya ce yaran masuncin ne. Wani mutuminsa zai riƙe mana har mu dawo."

Na ba shi labarin Iya Dije a tsaye a nan, a gajarce, mutane suna wuce mu. Ya saurara don ladabi, sannan ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho.

"Kawu, tatsuniya fa kake ba ni. Ni kullum cikin rami nake, rana tana dafa mini ƙwaƙwalwa, ina haƙa wa wasu. Sau ɗaya in haƙa wa kaina shi ne laifi? Kai shekara nawa kana buɗe wa yaran mutane ƙofar mota, me ka tara?"

Ta yi zafi, don gaskiya ce. Ban tara komai ba. Na haɗiye na ce, "Shi ke nan. Kawo igamar taka in gani, kada ta ƙare kana can."

Ya zaro ya miƙo mini. Ko daƙiƙa bai yi tunani ba. Na sa ta a aljihun ciki na ja zif.

"Ka ga abin da nake faɗa? Ko tambaya ba ka yi ba."

Da farko ya ɗauka wasa ne. Da ya ga na kama hanyar sauka, ya biyo ni yana roƙo, daga roƙo ya koma faɗa, har mutane suka fara taruwa. Na ce idan ya isa ya sa hannu a aljihun ƙanen uwarsa a gaban jama'a, bismilla. Bai iya ba. Ya kira Ɗan Jidda a gabana ya ce masa an riƙe masa kati, amma zai zo haka nan, tunda dama ba a hawa jirgin da shi. Na ji mutumin yana cewa ba zai yiwu ba, akwai shingen 'yan sanda a hanya. Na karɓi wayar.

Na ce, "Ai wannan mai sauƙi ne. Ni zan biyo ku. Duk shingen da aka zo in nuna katinsa, idan an kai bakin ruwa in zauna da shi a aljihuna har ya dawo. Har na sauran yaran ma sai in riƙe musu, in hutar da mutuminka."

Ɗan Jidda ya ce, "Wallah ya ammi, mota ta cika." Ya kashe.

Motar da ɗazu take da wurin Sa'adu. Na dubi yaron na ce ka ji. Ya ce abin da ya ji shi ne na kunyata shi, na kuma kori arzikinsa. Sauran samarin na yi musu magana, ɗaya mai suna Lawandi ya ce, "Baba, kai dai riƙe naka, mu ba ka haife mu ba." Suka tafi. Sa'adu ya shiga hutun Sallarsa a kulle a ɗaki, don ba ya iya fita ba kati. Sai da na tabbatar motar ta bar gari na kai masa, ya karɓa bai dube ni ba.

Hutu ya ƙare, ba su dawo ba. Kamfani ya kai rahoton sun gudu. An daɗe kafin Lawandi ya sami aron waya ya kira daga gidan tarhil. Ya ce ko jirgin ba su gani ba. An sauke su a wata rumfar kifi da ba kowa, aka karɓi katunansu da wayoyinsu, aka ce su jira. Suka jira har ruwan shansu ya ƙare, suka fito titi, aka kama su. Daga baya aka ce an yi ta buɗe layukan waya da ɗaukar kaya bashi da sunayensu. Aka mayar da su gida, da hatimin hana dawowa.

Kai da kake karantawa za ka ce to ai shi ke nan, yaro ya zo ya durƙusa ya ce Kawu na gode. Ba ka san mutane ba. Bayan wasu watanni wani ya ce ya ga Lawandi a Kano a kan sabon babur. Babur ɗin na wansa ne, kowa ya sani, amma Sa'adu ya riƙe wannan. Ya ce sun samu, maganar tarhil duk shiri ne don kada a nemi rabo. "Wa zai tono zinariya ya yi shela?" Ya kira uwarsa ya ce mata baƙin ciki nake yi masa.

Ta kira ni. "Haruna, amanarsa na ba ka, ban ce ka tsaya masa a ƙofar arziki ba."

Na ce, "Yaya, ke da muka zauna gaban wuta ɗaya? Kin manta tsibirin Iya Dije?"

Ta ce, "Ban manta ba. Ta ce zinariyar tana nan inda aka binne ta."

Tabarma ɗaya, tsohuwa ɗaya, gyaɗa ɗaya muka ci. Ni na tashi da mai jirgi a kaina, ita ta tashi da tuluna.

Na daɗe ina tunanin addu'ar nan da tsohuwar ta yi mini, Allah ya sa kada hankali ya yi mini yawa. Ina jin ba a karɓa ba. Ban yarda da mai shago ba, ban yarda da kafilina ba ko ranar da ya yi mini kyauta, wanda ya yi mini fara'a sai in fara lissafin abin da yake nema. Har kakan da ban taɓa gani ba ban ƙyale shi ya kwanta lafiya a kabarinsa ba. Abin an rufe mini shi a hannu tun ina yaro, hannu ya girma a ciki, ba sabulun da zai cire. Ya hana ni dira ruwa, gaskiya ne. Amma amaryar nan da ta tsira a cikin jirgi, ba wanda ya taɓa tambayarta ko zaman ya yi mata daɗi, kuma yanzu na san dalilin da ya sa tsohuwar take daɗewa tana kallon garwashi kafin ta fara.

Sa'adu yana nan Riyad. An sabunta masa igama bana, yana aikinsa, yana aika wa uwarsa, kuma ranar da zai koma gida da ƙafarsa zai koma. Abin da aka ce in tsare ke nan, na tsare. Ba ya zuwa cin tuwo idan ya san ina wurin. Juma'ar da ta wuce na hango shi a Batha, tsallaken titi, wajen masu sayar da barguna. Na ɗaga masa hannu. Ya gan ni sarai. Kafin ya amsa, sai da ya dafe aljihun da katinsa yake.

Ashe dai ya koya. A kaina ya fara.